Sarkin da Matata Ta Yi wa Wanka

Ni ba mai karatu ba ne. Shekara ashirin ina tura alhazai a keken marasa ƙarfi daga Misfala zuwa Harami, har gwiwoyina suka gaji da ni. Abin da na tara a aikin nan gwangwanin madara ne cike da kwabban ƙasashe, irin waɗanda alhazai ke miƙo mini don tunawa.

Wata shekara wani tsohon alhaji daga Sham ya ba ni ɗan ƙarfe kore, bai fi maɓallin riga ba. Ya ce a gonarsa garma ta tono shi. Na kai wa wani dattijo a unguwar Shisha, Bahaushe haifaffen Makka, da ya bar aiki ya koma tara tsofaffin kuɗi. Ya ɗora madubi a kai, ya daɗe yana juyawa.

"Ya sheikh, na Rumawa ne," in ji shi. "Ga kan sarki, ga rubutu kewaye da shi. Sunansa na ƙarƙashin dattin nan. Jiƙa shi a man zaitun, ka riƙa bi da tsinken sakace a hankali. Kar ka kankare, ka ji ko?"

Wata biyu kullum bayan la'asar ina bakin tagar ɗakinmu a Utaibiyya da tsinke. Haruffa uku suka fito, na zana su a takarda yadda na gan su. Dattijo ya ce ba su isa ba, sarakunansu da yawa haka rubutunsu ke farawa. Ni dai so nake in san sunan mutumin. Wataƙila don ni ma a garin nan babu takardar da ke ɗauke da nawa.

Matata kuwa mita take. "Malam, man girkina kake shayar da wani matacce?"

Rannan na dawo aiki na same ta tana murmushi. Ga sarki a kan faranti yana walƙiya kamar sabuwar butar tagulla. Lemon tsami ta sa masa, da gishiri, da soson ƙarfe.

"Wata biyu kana tsokanarsa, idonka na zubar ruwa. Minti biyar na gama maka."

Na ɗaga shi a haske. Fuskar ta zama sumul, haruffa ukun ma sun tafi. Ta dubi fuskata, murmushin ya gushe.

"Ɓatawa na yi?"

"Bari a nuna wa mai sani, Hajiya."

Dattijo ya yi dariya har ya sarƙe. "Halas, shi ke nan! Ko Rumawan suka dawo ba za su gane shi ba. Amma wallahi bai taɓa tsafta haka ba."

A bakin ƙofa ta tare ni. "Ya faɗi sunan?"

Na gaya mata gaskiya, suna ya tafi. Ta shiga ta ɗauko kwalbar man zaitun ɗinta, sabuwa, ta ajiye gefen gwangwanina.

"Ko an sake ba ka wani."

Ba a sake ba ni ba. Sarkin yana cikin akwatin 'yan kunnenta yanzu. Duk jajibirin Salla takan fito da shi ta goge da lemon tsami, ni kuma ba na hana ta.