Takabar Hanne

Bubayero manomin gyaɗa ne a Toranke, kuma ba gwani ba ne. Bai taɓa aure ba. In an tambaye shi sai ya ce yana dubawa, haka ya yi ta dubawa har furfura ta cim masa.

Abin da ya iya shi ne tashe. Da azumi ya kai goma, in an sha ruwa, sai ya aske gemu, ya ɗaura zani, ya rambaɗa kwalli, ya fito a matsayin Hanne. Ni maƙwabciyarsa ce, kuma ba na jin kunyar faɗa, a wurinsa na koyi ɗaurin kallabi. Tafiyar Hanne kuwa, mu matan gaske haushi take ba mu.

Hanne tana da miji, Tukur mai facin keke. Tun suna yara suke wannan wasa, sa'o'insu suka girma suka bari, su ba su bari ba. A kowace ƙofar gida labarin ɗaya ne: ta yi mitar cefane, ya ce ta tafi gidansu, ta ɗauki ƙunshinta, ya bi ta biko. A ba su hatsi su ƙara gaba. Da an ga watan Sallah zani ya koma akwati, Bubayero ya koma zama a bencin facin Tukur, yana miƙa masa gam, ba sa ma yawan magana.

Bara, ana saura kwanaki a ɗauki azumi, Tukur ya rasu. Bubayero ya bi gawa, ya zauna a bakin tabarmar gaisuwa cikin maza. Aka yi wa 'yan'uwa ta'aziyya, aka yi wa 'ya'ya. Shi kuwa wani ya dafa shi ya ce, "To Bubayero, bana Hanne sai ta sake miji." Aka yi dariya. Wannan ce ta'aziyyar da ya samu, kuma ta yi mini ciwo.

Muka ɗauka tashe ya ƙare. Sai ga Hanne ta fito ran goma ga wata, ita kaɗai. Ba kwalli, ba ɗan kunne, tsohon zani ne da mayafi, tana tafiya a hankali kai a sunkuye, yadda mace mai takaba take yi. Samari suka kwashe da dariya, wai wannan ya fi na kowace shekara. Har hatsin da aka ba ta ya fi na da.

Haka ta bi gida gida har ƙofar gidan Tukur. Nan ta tsaya, ba ta yi sallama ba. Na bi bayanta don na san za a iya korarta, gidan makoki ba wurin wasa ba ne.

Kadijatu, matar mamacin, ta leƙo daga zaure, ita ma cikin nata mayafin takabar. Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma aiko da hatsi ba.

Ta ce, "Hanne, ya haƙuri?"

Bubayero ya buɗe baki da muryarsa ta maza, wadda bai taɓa amfani da ita cikin zani ba, ya ce, "Da godiya."

Ta ce, "Allah Ya ba mu haƙuri," ta saki labule.