Muntaka Yuguda da Akwatin Ƙwan Zabi

A wani ƙauye arewa da Makoda, inda gona ke manne da gona sai layin gamba ne ke raba su, aka haifi Muntaka Yuguda. Tun yana saurayi ya tafi Kano ya koyi aikin wayarin, daga baya wata masaƙa ta ɗauke shi yana kula da wutar injinanta. Da aka rufe masaƙar bai tsaya zaman jira a birni ba. Ya tattara filaya da sukuddireba da 'yar mitarsa ta awon wuta, ya dawo gonar mahaifinsa. Da damina ya noma gero da gyaɗa, ranar kasuwa kuma ya shimfiɗa buhu yana gyaran rediyo da tocila. Da tafiya ta yi tafiya ya sayi farantin sola da batir, yana yi wa mutanen gari cajin waya.

Shekarar da man fetur ya yi tsada, komai ya bi bayansa. Taki ya gagari talaka, gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Abin da ya riƙe gidan Muntaka shi ne zabin matarsa Kaltume. To amma zabuwa ba ta iya kwanci ba, kaza ake sa wa ƙwanta ta ƙyanƙyashe. Ana gab da faɗuwar damina cuta ta shigo ta share kajin unguwar kaf, ta bar zabi suna ta zuba ƙwai ba mai kwanta musu.

"Malam, haka za mu sa ido zuriyarsu ta ƙare?" in ji Kaltume, tana duban ƙwaryar ƙwai.

"Me kaza take ba ƙwai in ba ɗumi ba?" ya ce. "Ɗumi kuwa aikina ne."

Ya samo akwatin katako ya lulluɓe shi da tsohon bargo, ya warware wayar wani mataccen risho mai amfani da lantarki, ya yanko da ƙiyasin ido ya sa a akwatin ya jona wa batir, ya jera ƙwai a ciki. Bai auna komai ba, gani yake hannunsa ya saba. Kwana biyu bayan nan Kaltume ta ɗauki ƙwai guda ta kai kuncinta, ta yi sauri ta janye. Ta fasa shi, sai ga shi ya daskare kamar na mai shayi.

"Sannu da girki, Malam," ta ce, ta fashe da dariya. Shi ma ya dara, ko da yake asarar ta ci masa rai.

Washegari da hantsi ya zauna a gindin darbejiya ya yi abin da ya kamata ya fara yi. Ya jona mita. Ƙarfin batir bolt goma sha biyu ne, wutar da ke bin wayar kuwa amfiya huɗu. Ya share ƙasa da tafin hannu ya kira Kaltume.

"Kin ga, in na raba sha biyu gida huɗu, uku ke nan. Wannan ita ce turjiyar wayar, wato yadda take hana wuta wucewa, om uku. In kuma na ninka sha biyu sau huɗu, arba'in da takwas, wat ke nan, shi ne yawan zafin da take fitarwa. Ya yi wa ɗan akwatin nan yawa."

"To a rage wayar mana."

"A'a, ƙarawa za a yi. In waya ta yi tsawo turjiyarta ta ƙaru, wuta kaɗan za ta wuce."

Ya yanko wata mai ninkin tsawon ta farko, ya sake aunawa. Mita ta nuna amfiya biyu. Ya lissafa a ƙasa: om shida, wat ashirin da huɗu, rabin zafin jiya. Batir ma zai riƙa kaiwa safiya bai mutu ba.

Sauran aikin na Kaltume ne, don ita ta san ɗumin cikin kaza. Takan sa ƙwai a fatar idonta ta ce a buɗe kafar iska ko a toshe. Ta zuba sabon ƙwai a akwatin, ta ajiye tasar ruwa a ciki, tana juya ƙwan safe da yamma. Wajen wata guda suna wannan hidima, ranar da hadari ya rufe rana kuwa Muntaka ya hana cajin waya don batir ya ishi akwati, masu waya suna ta ƙorafi.

Ba duka suka ƙyanƙyashe ba, amma fiye da rabi sun fito, 'yan mitsi-mitsi masu zane a baya. Kaltume ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Yanzu matan unguwa ke kawo nasu ƙwan, in an ƙyanƙyashe a raba. Muntaka bai yi arziki ba, furfura kuma ta cika masa gemu, amma gidansa bai kwana da yunwa ba a waɗannan shekarun, shi ma kullum hamdala yake yi. A bana maƙwabciyarsu Mairo ta kawo ƙwan agwagwa ta ce a gwada mata, ya karɓa.