Yadda Egya Bentsil Ya Hau Bangon Littafi

Kobina Bentsil jinin masunta ne gaba da baya, amma shi da teku ba su taɓa shiri ba. Ran da kawunsa Wofa Arhin ya fara saka shi a kwalekwale, tun gemu bai tsiro masa ba, ko igiyoyin bakin gaɓa ba su gama tsallakewa ba ya mayar wa teku da dokunun da ya karya kumallo da shi. Aka ce rashin sabo ne. Aka sake kai shi, aka kuma sakewa. An ba shi citta ya tauna, an rataya masa lemun tsami a wuya, wata tsohuwa ma ta ce a ɗura masa ruwan tekun don su san juna. Duk a banza. Kullum a kwance ake dawowa da shi cikin kifi, idanu zuru-zuru. Da Wofa Arhin ya gaji, sai ya zaunar da shi a gindin kwakwa, ya jefa masa yagaggiyar koma da allura.

"Ɗan 'yar'uwata, zauna nan. Kifin da muke kamawa ma ya fi ka kuzari a cikin jirgi."

A nan ya zauna, a nan kuma ya yi suna. Duk garin Eyisapo babu mai ɗinkin koma kamarsa, sa'anninsa kuwa suka laƙaba masa Kyaftin, sunan ya bi shi har girma. Bai cika damuwa ba. Mutum ne mai sanyin hali, dogo, mai faɗin ƙirji, da goshi da gemu irin na manya. Baƙo in ya sauka garin yakan wuce sarkin masunta ya zo ya gaishe shi tukuna.

Da ya nemi auren Kukua mai bandar kifi, ƙawayenta suka sa ta a gaba. "Duk mazan garin nan ki rasa wanda za ki aura sai mai tsoron ruwa?"

"Ba tsoro yake ba, cikinsa ne ba ya so," in ji Kukua. "Ku ga ku nan, kullum wuya a miƙe kuna leƙen teku. Ni daga bakin murhuna nake hango nawa."

Suka haifi 'ya'ya, suka aurar, furfura ta fara sauko masa, aka koma kiransa Egya Bentsil, wato Baba Bentsil. Da haka zai ƙare rayuwarsa, ba don Ticha Essilfie ya yi ritaya ba.

Ticha Essilfie ya daɗe yana shugabantar makarantar garin, kuma tun yana aiki abu ɗaya ke ci masa rai: yara sun san sarakunan ƙasashen Turai, amma ba su san wanda ya kafa garinsu ba. Da ya ajiye alli sai ya ɗauki jaka ya shiga bin tsofaffi gida-gida. Ya ji na wannan, ya ji na wancan, in sun saɓa ya koma ya sake tambaya, har wasu suka fara ɓuya in sun hango lemarsa. A ƙarshe dai ya haɗa littafi: yadda kakan garin, Nana Eyisa, ya baro yamma da ƙanwarsa saboda rigimar gado, yadda hadari ya yi ta wujijjiga su a teku, yadda suka sauka gefen baƙin dutsen nan suka kafa bukka. Har da waƙoƙin jan koma da sunayen tsofaffin jirage ya sa a ciki. Saura hoton bango, Nana Eyisa kuwa babu wanda ya san kamanninsa.

Sai ya je wurin Ato Dadzie mai zanen kwalekwale. Ato ya sosa ƙeya ya ce, "Ticha, ni kifi da angar jirgi da tauraro nake zanawa. Mutum kuwa sai na ga mutum a gabana."

Kakar kifi ce, duk namiji mai ƙafa biyu yana teku. Ato ya duba gabas ya duba yamma, mutum ɗaya ya gani a gindin kwakwa.

"Egya Bentsil, kafaɗunka kawai zan ara."

Ya ɗora shi a kan wani kifaffen jirgi da ya ruɓe, ya miƙa masa filafilin tuƙi, ya ce ya dubi nesa kamar an ci masa mutunci. Bentsil ya tsaya, ya sauko, ya koma ɗinkinsa, ya manta da zancen.

Wata ranar Talata, da yake ba a fita teku ran Talata, aka ƙaddamar da littafin a filin makaranta. An kawo shi daga maɗaba'a a birnin Oguaa cikin kwalaye, aka ba sarkin masunta, Egya Quansah, ya buɗe na farko. Ya zaro littafin ya ɗaga sama, sannan ya juyo da shi ya duba, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ga Bentsil nan tsaye a goshin jirgi, gemu na tashi a iska, igiyar ruwa kamar tsauni a bayansa, ko gezau bai yi ba. Dariya ta fara daga layin dattawa ta yi baya har wurin masu sayar da soyayyar ayaba.

"Kyaftin, ashe kai ka kawo mu garin nan? A tsaye ka kawo mu ko a kwance?"

"Nana, ranar ba ka karya kumallo ba ke nan?"

Bentsil ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Washegari ya tarar da Ato yana shafa wa wani jirgi fenti.

"Ba kafaɗu ka ce ba?"

"Kafaɗun na ara, Egya, kan ne ya biyo su. Yaya zan yi, in fille shi?"

Ya je wurin Ticha. Shi kuma ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Gaskiya da na ga zanen na ce fuskar nan na san ta a wani wuri. Sai na ɗauka jinin kakanni ne ke motsa mini."

Kukua kam ko a jikinta. Ta sayi ɗaya, ta sa shi a leda saboda hayaƙi, ta rataye a ginshiƙin rumfarta. Duk mai sarin kifi da ta zo daga Kumasi sai ta nuna mata. "Mijina ne. Ki duba da kyau kafin ki taya mini kifi da wulaƙanci."

Sannu a hankali dariyar ta lafa, wani abu ya maye gurbinta. An sa littafin a makaranta, yara suka riƙa rusunawa suna ce masa Nana, su da gaske suke. 'Yan garin da ke aiki a Takoradi da Tema suka yi ta aikowa a saya musu, in sun zo hutu sai sun ɗauki hoto da shi. Baƙi suka fara tambayarsa labarin, shi kuwa bai yi boko ba. Kunya ta sa ya roƙi 'yarsa Araba, tela, ta riƙa karanta masa ran Lahadi bayan an taso daga coci. Ya haddace shi tas. Da ya ga labarin na shiga mutane, sai ya fara ƙara masa gishiri. Hadarin ya ƙaru, ƙanwar Nana ta zama mai magana da tsuntsaye, sannan wani ƙaton kifi mai girman coci ya shigo ya tura jirgin zuwa gaɓa da hancinsa.

Wata rana Ticha ya tsaya a bayan baƙi yana saurare, har ya kasa haƙuri.

"Bentsil, babu wannan kifin a littafina."

"Ticha, ai ba ka nan a lokacin."

"Kai kana nan?"

"Duba bango."

Daga ranar suka zama abokai na ƙut da ƙut. Kullum da la'asar Ticha zai zo da kujerarsa gindin kwakwa, a sayo bammi, su yi ta musu. Ticha ya kawo hujja, Bentsil ya kawo daɗi, babu mai sallamawa.

Ana nan sai Egya Quansah ya zo da shawara a taron dattawa: a bikin garin na bana a kwaikwayi saukar Nana Eyisa, jirgi ya taso daga bayan baƙin dutse ya sauka gaban jama'a. Wa zai zama Nana? Kowa ya juya ya dubi wuri ɗaya. Bentsil ya ce ƙafarsa na ciwo. Aka ce ai a tsaye kawai zai yi. Ya ce ga samari nan birjik. Aka ce samari ba su da gemu. Ya koma gida ya gaya wa Kukua, yana sa ran za ta tsaya masa.

"Ka ci daɗin hoton, yanzu ka shiga jirgin," in ji ta. "Kada dai ka karya kumallo ranar."

Ranar biki gari ya cika maƙil. Masu ganguna sun jeru, tutocin ƙungiyoyi na kaɗawa, an zuba wa kakanni giya a kan yashi. Aka naɗa wa Bentsil farin zane, aka shafa masa farar ƙasa a damatsa, aka kai shi bayan dutse. Daga can zuwa gaɓa tafiyar ba ta taka kara ta karya ba, amma da ƙafarsa ta taɓa katakon jirgin ya san tsohuwar abokiyar gabarsa ba ta manta da shi ba. Ya dafe filafili ya tsaya, ya dubi nesa yadda Ato ya koya masa. Da suka zagayo dutsen jama'a suka hango shi, sai ihu, ganguna suka ɗauka. Igiya ta ɗaga jirgin ta sake shi. Nana Eyisa ya ɓace daga goshin jirgi.

Matuƙan ba su tsaya ba, suka ci gaba da waƙa har jirgin ya soki yashi. Biyu daga cikinsu suka ɗago shi ta hammata suka dire shi. Ya yi taku kaɗan, ya zube ya kifa fuska a ƙasa, ya baje hannuwa ya rungumi yashi kamar wanda za a ƙwace masa. A ransa yana rantsuwa cewa ko jirgin da aka zana a bango ba zai ƙara kusanta ba.

Masuntan da suka san dawan garin sun cika kumatu da dariya, suna jiran wanda zai fara. Sai wata tsohuwa da teku ta cinye mata miji da ɗa ta ɗauko waƙar da mata ke yi in jirgin da aka fid da rai da shi ya dawo. Sauran matan suka amsa. Dariyar ta maƙale a wuyan mazan. Ticha Essilfie ya cire tabarau, ya daɗe bai mayar ba. Bentsil na kwance yana jin waƙar ta saman kansa, sai ya tuna da Wofa Arhin da sa'anninsa da yawa da suka fita da safe ba su dawo ba, ya ga ba ya son tashi da wuri.

Kukua ce ta zo ta tsuguna kusa da shi da ƙoƙon koko. "Tashi haka nan, Nana. Ka yi ƙoƙari."

Bai sake shiga jirgi ba. Shekarar da ta biyo aka ba wani ɗan ƙanwarsa matsayin Nana, aka liƙa masa gemun zaren koma. Shi wannan a teku ya girma, amma da ya sauka sai ya zube ya rungumi yashi, mata suka ɗauki waƙa, kuma haka ake yi har yau. Da za a sake buga littafin, Ticha ya ƙara shafi ya bayyana shekarar da aka fara wannan zubewa da dalilinta, ba ƙari ba ragi. Bentsil ya roƙe shi ya ce daga Nana aka gada.

"Ba zan rubuta abin da ban ji daga kowa ba."

"To ga shi ka ji daga gare ni."

Ticha bai saurare shi ba, suka yi kwana biyu ba sa shan bammi tare, sannan suka shirya. Ba a daɗe ba Ticha ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Bentsil ne ya riƙe lemarsa a gaban akwatin har maƙabarta, daga nan kuma ƙaton kifin nan ya fita daga labarin, bai sake ambatonsa ba.

Bayan wasu shekaru wata 'yar garin, Ewurabena Amissah, da ta yi karatu mai zurfi a jami'a, ta dawo ta ce za ta rubuta littafi na biyu. Bentsil ya sa aka gyara masa gemu, ya fito da sabon zane ya zauna yana jira. Ta zo ta gaishe shi da ladabi, ta wuce rumfar banda. Ashe a kan mata za ta yi: masu banda, masu sari, waɗanda suka saya wa maza jirage da injuna. Watanni ta yi tana zama cikin hayaƙi tare da Kukua.

Da littafin ya fito, Araba ta zo ta karanta musu a rumfa. Babi guda sukutum na Maame Kukua ne, da sunanta, da na uwarta da kakarta, da irin itacen da take banda da shi, da maganganunta yadda ta faɗe su. Bentsil ya kasa kunne har aka kai ƙarshe.

"Ni fa?"

Araba ta koma baya tana bin layi da yatsa. "Ga ka nan, Egya. Ta ce, mijinta mai gyaran koma ne."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya ƙura ido ga hoton matarsa a tsakiyar littafin, tana juya kifi, fuska duk gumi, ba ta ma dubi mai ɗauka ba.

"Da kin sani kin ɗaura ɗankwalin kirki," in ji shi.

"Aiki nake yi," in ji Kukua. "Miƙo mini itacen nan, wuta na mutuwa."

Ya miƙa mata, sannan ya ce wa Araba ta sake karanto babin daga farko, amma a hankali, don gobe masu sari za su zo daga Kumasi kuma shi zai ba su labari.