Mai Inshorar da Ya Hau Marsandina

Na daɗe ina jin wai a unguwar Zamalek, nan Masar, akwai mai inshorar da ba ya karɓar tsohuwar mota sai mai ita ya zaga gari da shi. Na ce zancen teburin mai shayi ne.

Jiya sai ga shi a gefena cikin Marsandina, wadda ta girmi babban ɗana. Kamfani biyu sun ƙi ta, a gida kuma an yanke hukunci: tunda gari ya rikice, ko inshora ko a sayar.

Muna shiga unguwar Ataba wata bas ta yanko mana. Na taka birki, na bar ta ta wuce.

Ya ce, "Ya Hajj, hon ɗinka ya mutu ne?"

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau. Fitilar nan ce in ta fashe, babu irinta a Masar."

Ya yi dariya. "Khalas, shi ke nan, mu koma ofis, na karɓa."

Ku a garinku mota ake dubawa ko mai ita? Wadda dai ta ba ni labarinsa daga ƙarshe, da yaƙinin ba zan haye ba, ita ce mai son a sayar: matata, Hajiya Uwani.