Lanƙwasasshen Bawul

Mahaifinmu bakinsa ne ya so ya raba shi da babur ɗinsa. Tun ina yarinya yake cewa duk ranar da ya kasa ba wa taya iska da hannunsa, ranar zai ajiye makulli. Kowace safiya, kafin ya tafi shagonsa na shinkafa da sukari a titin Koudoukou a nan Bangui, sai ya tsuguna a tsakar gida da famfonsa, ya latsa tayoyin, ya ƙara wa wadda ta yi laushi.

To, tsufa ba ya sallama. Sanyin ƙashi ya kama masa yatsu, suka ƙi tanƙwaruwa. Tayar gaba da ɗan sauƙi, amma bawul ɗin ta baya, wato ɗan bututun da ake ɗura iska ta cikinsa, a miƙe yake cikin matsi, ga birki ga sarƙa. Wata safiya na leƙo daga madafa na ga Baba yana ta fama ya maƙala bakin famfo, ya kasa, iskar da ke ciki ma tana zurarewa. Ya ɗago ya duba ko an gan shi. Na yi wuf na koma kan tukunyata, tausayinsa ya cika ni.

Ashe babban yayanmu ma ya gani. Shi da ma ya daɗe yana son Baba ya koma hawan haya, saboda ramukan hanya.

"Baba, ku fa kuka faɗa da bakinku," in ji shi.

"Na faɗa. Magana zarar bunu. Ka zo da safiyar Juma'a, in na kasa ka tafi da makullin."

Yaya ba mugu ba ne, tsoro ne da shi. Amma ni na san Baba tafiyar hawainiya yake yi, har masu tura baro suna wuce shi. Kuma babur ɗin nan ne ƙafarsa zuwa suna da ta'aziyya, da wajen tsofaffin abokansa a unguwar Miskine. A raba shi da shi, an zaunar da shi a ƙofar gida ke nan yana ƙirga masu wucewa.

Ranar Alhamis, da Baba ya shiga barcin rana, na ci ɗamara da mayafina na turo babur waje. Ban iya tuƙi ba, da ƙafa na kai shi wajen mai faci na bakin layinmu, 'yan haya suna ta yi min tsiya wai in hau mana. Mai facin haifaffen Bangui ne, yaren Sango ya fi zama a bakinsa, da shi ma ya gaishe ni.

"Bara mo, 'yar Alhaji. Moto ɗin Baba ya yi faci ne?"

Na ce lafiyarsa ƙalau, mai shi ne yatsunsa suka gaji. Sai ya jawo wani gwangwanin madara ya zazzage a kan tabarma. Ban taɓa sanin bawul kala-kala ne ba. Ga na roba miƙaƙƙe irin namu, ga masu lanƙwasasshen wuya da ke leƙowa gefe, wasu roba wasu ƙarfe. Na ɗauki na robar don ya fi kyau a ido. Ya karɓe.

"Wannan rana za ta ci gindinsa, ya tsage. Tsoho kuma dannawa zai yi da ƙarfi. Ɗauki na ƙarfe mai noti."

Ya sace iskar, ya danne gefen tayar da ƙarfe har ramin ya bayyana, ya yanke tsohon bawul. Na farkon da ya gwada ya yi wa ramin kaɗan, na biyu ya zauna daram. Zai juya bakinsa hagu na ce a'a, dama, don babur hagu yake jingina in an kafe shi, ɓangaren dama ne ke kallon sama. Ya ɗaure notin a hankali, ya juya tayar ya ga ba abin da wuyan ke taɓawa, ya shafa ruwan sabulu, ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Na roƙe shi ya bar ta da ɗan laushi.

Da safiyar Juma'a Yaya ya iso. Baba ya tsuguna ya latsa tayar baya, sai idonsa ya sauka kan sabon ƙarfen. Ya daɗe yana kallonsa. Na san Baba ya tsani a ji tausayinsa, yana iya miƙa makullin don zuciya kawai. Sai ya kai bakin famfo, ya kama nan take. Ya yi ta bugawa har tayar ta yi tauri, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Wannan ai maguɗi ne," in ji Yaya, yana harara ta, dariya na neman ƙwace masa.

"Hannun wa ya ba ta iska?" Baba ya tambaye shi.

Ni kuwa daɗi ya kashe ni, na sunkuyar da kai ina jiran nawa faɗan. Baba ya tura babur har bakin zaure, sannan ya waiwayo.

"Ke, uwata. Kin gyara ta baya kin bar ta gaba. Ko ita da yatsun wani zan riƙa ba ta iska?"