Saura Ƙofa Ɗaya a Birnin Sin

Ina ɗan shekara bakwai a Ɗanzomo, Nasara ba su daɗe da jan iyaka a Maigatari ba, na tambayi maƙwabciyarmu inda babana yake. Ta ce ai ya tafi Birnin Sin. Ita nesa kawai take nufi, yadda kowa ke faɗa. Ni kuwa sarkin wayo na ɗauka gari ne kamar Gumel, na ruga na gaya wa kakata, Iya Tabawa.

Mu biyu ne a gidan, uwata ta rasu tun ina goye. Iya ta tura kara cikin murhu. Can ta ce, "To maigidana, matso ka ji."

Wai wani sarkin Sin ne ya ƙwaci sarauta, ya kasa sakewa a garin da ya yi ƙwacen, ya koma arewa ya ce a gina masa fada. Aka yi gayyar magina daga ko'ina. Duwatsun sun fi ƙarfin raƙumi, sai an jira sanyi a kwarara ruwa a hanya ya daskare, a ja su a kai. Bango ja, rufi rawaya. Ɗakuna kuwa, jariri ya fara kwana ɗaya-ɗaya sai ya yi gemu bai gama ba. Ba shiga ba fita sai da izini. A bakin wani alhaji da ya sauka zangon Maigatari ta ji wannan, sauran ita ta ƙara: babana magini ne, yana can, sai an gama ganuwa a sallame shi.

Kullum bayan tuwo sai in ce, "Iya, an gama?"

"Saura ƙofa ɗaya."

Ƙofar nan ta ci shekara huɗu, har Iya ta rasu.

Na girma, na yi yawo, Barno, Kartum, Jidda. A Makka na haɗu da wani tsoho mutumin Sin, na tambaye shi ta bakin tafinta, ina dariya, ko an gama ginin. Ya ce tun kakannin kakanninsa. Sarkinsu na ƙarshe ma an fitar da shi, gidan ba kowa. Na daɗe da sanin zazzaɓi ne ya kashe babana a hanyar Barno. Amma wallahi da ya ce ba kowa, sai da na nemi wuri na zauna.

A zaunen nan na tuna abin da ban taɓa lura ba. Ni uba nake jira, ita ɗanta ne, shi kaɗai ta haifa. Ƙofar nan ba don ni kaɗai ta bar ta a buɗe ba.