Karatun Fitilun Gada a Ƙofar Kanti

Jikokina ba su yarda na taɓa karatun jirgin ruwa ba. Ban ga laifinsu ba, tunda ruwan da muka sani a Tudun Wada shi ne Kubanni, shi ma da rani naɗe wando ake yi a tsallake. Amma na yi karatun, kuma ban yarda a rage mini daraja ba.

Kafin a ba mu mulkin kai ne. Na baro elementare a aji uku, ina irin zaman nan da ake kira neman aiki. Maƙwabcinmu, wani Ibo mai kanti da ya yi ƙuruciyarsa a jiragen ruwan kudu, ya ce ƙanensa zai sama mini gurbi a can, muddin na iya karanta fitilun gada. Wai akwai gadar da ake ɗagawa jirgi ya wuce. Da dare jar fitila na nufin a rufe take, ka dakata. Koriya kuwa an ɗaga, ka shige. Na ce wannan ai ko jaki ya iya.

Bayan magariba sai mai kantin ya rataya fitilun ƙwai biyu a ƙofar kanti, kowacce da takarda mai launi, ya lulluɓe su da ƙyalle. Benci ne gadar, ni ne jirgin, ina tura baro. Ya yaye wa wannan ƙyalle in tsaya, ya yaye wa waccan in wuce ina busa da baki. Ban taɓa kuskure ba. Har na fara tafiya ƙafafu a ware, samarin unguwa na kirana Kyaftin, ina amsawa da ka kawai.

Sirrin ilimina shi ne, ta dama tsaya ce, ta hagu wuce. Na ɗauka kowa ma haka yake ganewa.

Ranar gwajin ƙarshe matarsa ce ta rataya fitilun, ta sauya musu wuri. Mai kanti na yaye ta hagu, na taho da gudu na kwashe gadar, gada ta kwashe masa ƙauri. Da ya gama tsalle, sai ya kawo fitilun biyu dab da hancina.

"Wacce ce ja?"

Na duba. Duk kamar shayin da ba madara.

"Maigida," na ce, "a ba ni lokaci in yi nazari."

Ya zauna a ƙasa yana dariya yana riƙe da ƙauri, ya ce in nemi sana'ar tudu. Da labari ya kai wa Inna, cewa ta yi ashe shi ya sa kullum ɗanyen tumatir nake kawo mata, ita kuwa tana ta tsine wa mai tumatir.

Ɗinkin buhu na ƙare a kai. Amma a shaida: har yau babu jirgin da ya nutse a hannuna.